Arzika Ya Daina Tsokanar Badakkare

Duk wanda ya zauna ƙasar Zamfara ya san tsakanin Bazamfare da Badakkare babu gaisuwar girmamawa. Abokan wasa ne tun kaka da kakanni. In sun haɗu, wannan ya kira wancan bawansa, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya sayi kakan wannan da ƙwaryar dawa, a yi dariya, sannan a tambayi lafiyar gida. Baƙo zai ɗauka faɗa ake yi. Ba faɗa ba ne. Ranar da ka ga Bazamfare ya rusuna wa Badakkare yana jero masa gaisuwa dalla-dalla, to ranar ce akwai faɗa.

Arzika ya san wannan sarai, don a ciki ya tashi. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Damaga, ƙasar Maradun, daga ɗaya daga cikin 'yan gidajen da suka riƙe al'adar kakanni: ba salla, ba coci, sai tsafin gida da yankan baƙin bunsuru in damina ta kawo kai. Da zaman ƙauyen ya gagara saboda 'yan bindiga, ya kwaso matarsa Taiba da 'ya'yansu suka dawo Talata Mafara. Ya samu aron fili wajen Birnin Tudu, inda ruwan dam ɗin Bakolori ke kaiwa, yana albasa da rani, shinkafa da damina.

A nan ya gamu da Baba Ishaya, wani tsohon soja Badakkare mutumin Zuru, Kirista, wanda bayan ya ajiye kaki ya kama gyaran injin ban ruwa. Ranar da injin Arzika ya ƙi tashi aka kira shi. Ya sauko daga babur, ya ji harshen mai gonar, ya dubi injin, ya tambaya wane mugun ne ya ba Bazamfare inji, ai jigo ya dace da su. Arzika bai ko ɗaga kai daga kunyar albasa ba ya ce bawa ya bar surutu ya yi aiki, ubangidansa na jira. Kafin injin ya tashi sun zama aminai.

Ta wannan bakin tsokanar ne bishara ta shiga kunnen Arzika. Bai taɓa zama aka yi masa wa'azi ba. Yakan ga tsohon ya cire hula ya rufe ido kafin ya ci hocen da Taiba ta ɗauro, gasasshen abincin nan na Zamfarawa, sai ya ce ko tsoro yake ji kar abincin iyayengiji ya shaƙe shi. Tsohon ya ce a'a, roƙo yake Allah ya gafarta wa wanda ya ƙirƙiro abinci mai taurin bulo. Daga nan magana ta miƙe: wane Allah, me ya sa ake gode masa, wane ne Yesun nan da ake ta ambato. Arzika ya tambaya da gatse, Ishaya ya amsa da gatse, amma amsar tana zama. Da zazzaɓi ya kwantar da Arzika ana tsakiyar ban ruwa, tsohon ne ya riƙa zuwa yana shayar masa da albasa, kullum kuma sai ya biyo gida ya leƙa ya ce raki ne kawai irin na Zamfarawa, sannan ya durƙusa ya yi masa addu'a.

Wata Lahadi Arzika ya bi shi 'yar majami'arsu da ke gefen gari, ya ce zai je ya ga abin da bayi ke yi in ba a sa musu ido ba. Ya koma Lahadi ta gaba. Bayan wasu watanni ya tashi gaban jama'a ya ce ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu.

Murnar da ya yi ba ta ɓoyuwa. Mutum ne da ya girma cikin tsoro: tsoron abin da aka ce yana zaune a gindin tsamiyar gidansu, tsoron mantuwa da yanka, tsoron mafarki. Sai ga shi an ce masa akwai wanda ya riga ya ɗauke nauyin, ba a neman bunsurunsa. Ya kwance ƙahon tsafin da ke ɗaure a ƙugunsa tun yana saurayi, ya jira ya ga abin da zai same shi, ba abin da ya same shi sai barci mai daɗi. Ya koyi waƙoƙin sujada yana rera su a gona da muryar da ke korar tsuntsaye. Ya fara koyon karatu da furfura a gemu, yana bin baƙaƙe da yatsa mai warin albasa. Aka sa shi ajin masu shirin baftisma, aka ce za a yi musu ranar Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Ƙa'idar ikilisiyar ita ce kowane sabon mai bi sai wani dattijo da ya san zamansa ya tashi ya yi masa shaida kafin a shiga ruwa da shi. Ba wanda ya tambaya wa zai tsaya wa Arzika. An sani.

Ana nan sai Fasto Habila ya yi wa'azi a kan harshe. Fasto Habila mutumin kudancin Kaduna ne, bai daɗe da zuwa ba, mutum mai natsuwa, kuma wa'azin ya yi kyau. Ya ce Ubangiji ya yi kashedi cewa wanda ya kira ɗan'uwansa wawa zai amsa tambaya a kai, kuma babu maganar banza da za ta faɗi ƙasa a banza. Arzika na zaune a bencin baya, zufa ta karyo masa. A safiyar nan, a ƙofar majami'ar nan, ya kira dattijon ikilisiya wawa, ya kira shi bawa, ya ce kansa kamar tulun da aka kife. Kuma ba yau ya fara ba. Ya leƙa gaba ya ga tsohon yana gyaɗa kai yana cewa amin, sai tausayinsa ya kama shi: ashe duk su biyun hanyar hallaka suke bi suna dariya.

Ya yanke shawara kafin a rufe da addu'a. Daga ranar bakinsa ya tuba.

Washegari Baba Ishaya ya biyo ta gonar kamar yadda ya saba. Tun daga nesa ya ɗaga murya yana tambaya ko ragon ya tashi ko sai an kawo masa ruwan wanke ido. Arzika ya ajiye fartanya, ya kakkaɓe hannu, ya zo ya rusuna.

"Baba, an tashi lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya Mama da ƙahwa? Yaya hidima da jama'a? To madalla. Allah shi ƙara girma."

Tsohon ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan babur. Ya juya baya ko akwai wani babban mutum da ake gaisarwa. Ba kowa. Ya yi dariya ya ce wannan sabon salon iskanci ne, ya yarda an ci shi yau. Ya jira ramuwa. Arzika ya ce, "Haka na, Baba." Tsohon ya ce masa albasarsa ta yi ƙanana kamar ƙwaƙwalwar mai ita. Arzika ya ce, "Gaskiya ta, Baba, sai addu'a." Tsohon ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya tada babur ya tafi a hankali, bai ko nemi hoce ba.

Haka aka yi ta yi. Kullum gaisuwar na ƙara tsawo, fuskar Ishaya na ƙara tsukewa. Tsohon ya zauna ya binciki kansa, me ya yi wa yaron nan. Can ya tuna wata rana ya ce Zamfarawa ba su iya komai ba sai gudu. A lokacin dariya aka yi, amma yanzu da ya auna, mutumin nan gudu ya yi ya bar gidan ubansa da kaburburan kakanninsa. Hankalin tsohon ya tashi. Ya sami Arzika a bakin magudana, ya ce in maganar nan ce ta yi masa zafi, ya yi kuskure, a gafarta masa. Arzika ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya durƙusa har ƙasa ya ce Baba bai yi masa komai ba, shi ne mai laifi, Allah ya ja da ran Baba. Wanda ya san Zamfara ya san wannan amsar daidai take da rufe ƙofa a sa sakata.

Mai karatu zai ce me ya hana shi buɗe baki ya yi bayani. Abu biyu ne. Na ɗaya, an koya musu a aji cewa in ka yi aikin kirki kada ka buga ganga a kai. Na biyu, in ya ce wasan nan zunubi ne, ya ce wa dattijon da ya nuna masa hanya shi ma mai zunubi ne ke nan, kuma bakinsa ba zai iya ba. Sai ya zaɓi ya yi shiru ya zama abin misali, ko tsohon zai gani ya gane. Wauta ce, ba ta da wani suna. Amma wautar mai son Allah ce, kuma sabon mai bi da bai taɓa yin irinta ba, a bincika ko ya fara tafiyar ma.

Wahalar da ya sha kuwa ba kaɗan ba ce. Arzika mutum ne da magana ke zo masa kamar atishawa. Ya ga tsohon ya sa sabuwar hula ta yi masa yawa, magana ta taso har maƙogwaro, ya haɗiye. Ya ga babur ɗin ya mace a tsakiyar laka, mai gyaran injin duniya yana turawa, magana uku suka taso tare, ya haɗiye su duka ya je ya taya shi turi yana cewa sannu Baba. Ya daina waƙa a gona. Fuskarsa ta yi tsami, shi kuwa yana ɗauka tsarki ne ke kama shi.

Abin da ya haɗiye a waje kuma a gida yake amayar da shi. Dama can bakinsa bai taɓa raga wa Taiba ba. Tuwo ya yi ruwa, ita ce marar tunani. Yaro ya yi kuka, ita ce ba ta iya komai ba. In ta yi magana gaban baƙi ya ce wa ya tambayi jaka. Yanzu abin ya ninka. Kuma ko sau ɗaya bai lissafa wannan cikin abin da Fasto ya faɗa ba, don babu dariya a ciki. Shi a ganinsa zunubin cikin dariyar yake. Taiba ba ta bin shi majami'a, ba ta kuma hana shi ba. Ta dai ce wa maƙwabciyarta da farko addinin nan ya sa mutumin ya yi sauƙi, yanzu kuma ga shi ya koma gidan jiya har ya wuce.

Murtala, maƙwabcinsa na gona, Musulmi ne ɗan asalin Bakura, shi ya fara tare shi da maganar. Suna cika buhunan albasa da za a kai kasuwar Talata ya ce masa duk fadamar nan ana cewa ya ɓata da Badakkarensa. Arzika ya ce ba su ɓata ba.

Murtala ya ce, "To mi ya kai ka gaishe shi awa surukinka? Wanga addini naku hana dariya shika yi? Limamin unguwarmu ma in ya ga tsohon nan sai ya tambaye shi ina kuɗin fansa. Kai ka hi liman tsoron Allah?"

Arzika ya ce akwai abin da Murtala bai sani ba. Murtala ya ce ƙwarai, amma ya san tsoho in ransa ya ɓaci, kuma wancan ransa a ɓace yake.

Da Ista ta matso, Baba Ishaya ya je wurin Fasto Habila ya ce a nemi wani ya tsaya wa Arzika, shi ba zai iya ba. Ya ce akwai abu tsakaninsu, ya nemi gafara an ƙi karɓa, kuma shi ba zai tashi gaban ikilisiya ya ce zuciyar mutum fari ce alhali ya san akwai ƙulli a ciki ba. Fasto ya yi mamaki. Shi a idonsa babu mai ladabi a ajin kamar Arzika, musamman ga Baba Ishaya. Tsohon ya ce ai ladabin ne ciwon. Fasto bai gane ba, amma ya kira Arzika ya tambaye shi ko yana riƙe da wani a zuciya. Arzika ya rantse babu. Fasto ya gaya masa gaskiya: wanda ya fi kowa saninsa ya janye, sauran dattawan kuma ba su san zamansa ba, in ba a warware ba sai dai ya jira wani karon.

Arzika ya fito ya kama hanyar gida. Baftismar nan ita ya sa a gaba tun ranar da ya kwance ƙahon nan. Har ya ɗinka farar riga. Ya ce a ransa ai ga shi nan, zagin da ya yi wa bawan Allah a baya ne ya biyo shi, tsohon bai huce ba. Maganin kuwa ƙarin ladabi. Daga ranar in ya hango Ishaya sai ya cire takalmi tun daga nesa. Tsohon ya daina biyowa ta gonar gaba ɗaya.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin Ista aka yi ajin ƙarshe da la'asar, a inuwar dogon yaro bayan majami'a. Dattawa suka zauna a benci, 'yan aji a tabarma, matan zumunta, ƙungiyar matan majami'ar, na gefe suna gyaran shinkafar gobe. Arzika ya zo duk da an cire sunansa, ya rakuɓe a ƙarshen tabarma. Baba Ishaya na can ƙarshen benci yana kallon ƙasa.

Fasto ya ce yau labari zai ba su, na ɗaya daga cikin kakannin bangaskiya. Arzika bai riƙe sunan ba, hankalinsa na wani wuri. Amma labarin ya jawo shi. Wai mutumin ya je gidan kawunsa, ya ga 'yar kawun, ya ce yana so. Kawun ya ce sai ya yi masa aiki shekara bakwai. Arzika ya ɗaga kai. Dakarkari suna da wata al'ada da ake kira golmo, saurayi ya yi shekaru yana noma wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita, kuma babu abin da Zamfarawa ke tsokanarsu da shi kamar wannan. Ya ciji leɓe. Fasto ya ci gaba: mutumin ya cika shekarunsa, aka yi biki, aka kai masa amarya a lulluɓe, gari ya waye ya duba, ashe yayar aka ba shi. Arzika ya danne bakinsa da hannu. Kawun ya ce in yana son ƙanwar sai ya ƙara wasu bakwai. Mutumin ya ce ya yarda.

Kafaɗun Arzika suka fara rawa. Ya sunkuyar da kai yana addu'a a zuci Ubangiji ya riƙe masa harshe. Fasto ya rufe labarin ya tambaya me aka koya. Ya duba ya ga mutum ɗaya da alamar labarin ya taɓa shi har jikinsa na ɓari, sai ya ce, "Ɗan'uwa Arzika, me ka gani a ciki?"

Ya buɗe baki don ya ce haƙuri. Abin da ya fito daban.

"Fasto, wanga bawan Allah Badakkare na. Ba mai yin golmo sau biyu gida guda sai su."

Matan zumunta ne suka fara. Wata ta kife a kan faifan shinkafa. Dattawa biyu 'yan Zuru suka riƙe ciki. Baba Ishaya ya ɗago kai a hankali, ya dubi Arzika kamar wanda ya ga ɗansa ya sauko daga motar da aka ce ta faɗi, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa.

"Ya dawo. Ɗan banzan ya dawo. To ji nan, mu dai mun yi aikin an ba mu mata har biyu. Da Bazamfare ne, da ya shekara goma sha huɗu yana cin hocen kawun a inuwa, a koro shi ko akuya babu."

Shi kuwa Arzika ya zube a gwiwa. Ya ce ya karya, ya yi ta riƙewa ya karya, kuma a bayan ɗakin Allah; Fasto ya roƙa masa gafara, Baba ya yafe masa. Dariya ta tsaya. Fasto ya ce me ya karya. A nan ne magana ta fito duka, a hargitse, wa'azin harshe, da kalmar wawa, da yadda ya ga gara ya rasa daɗin bakinsa da ya kai kansa da Baba wuta. Tsohon ya koma ya zauna. Sannan ya ce, a hankali, ashe duk azabar nan da aka ba shi ibada ce ake yi da shi.

Wani dattijo ya yi wa Fasto bayanin yadda abin yake tsakanin ƙabilun biyu. Fasto ya ce ai su ma a can gida suna da waɗanda suke irin wannan da su, bai dai san na nan ba. Ya yi dariya sosai. Amma da ya gama bai janye wa'azinsa ba, kuma ya yi daidai.

Ya ce, "Abin da na faɗa yana nan daram. Sai dai ka duba, Ubangiji ba ƙirga kalmomi yake ba, abin da kalma ke yi wa mutum yake dubawa. In ka kira Baba bawa, da nauyi yake komawa gida ko da sauƙi?"

Baba Ishaya ya amsa masa, ya ce da sauƙi, har ya ƙara loma.

"To wa ke kwana da nauyi saboda bakinka? Ba sai ka faɗa mini ba. In akwai, can wa'azin ya nufa."

Ba a ambaci suna ba, ba a kuma bukata. Arzika ya ɗauki takalminsa ya kama hanyar gida tun rana ba ta faɗi ba.

Ya tarar da Taiba tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya, ya zauna a turmi, ya tashi. Neman gafarar mace ba abu ne da aka koya masa a gidan ubansa ba, kuma ya yi shi a karkace. Ya ce bakinsa ya daɗe yana cutar da ita, ya sani yanzu, ba ita ce jaka ba. Ta dakata da rariya a hannu ta tambaya ko zazzaɓin ne ya dawo. Ya ce lafiyarsa lau. Ta dube shi, ta ce ta ji, amma ita ba a saye ta da maganar yini ɗaya, a bari a kwana biyu a gani. Ya ce ya yarda. Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, farar rigar nan ta wanke ta tun shekaranjiya, tana cikin akwati, in har yanzu ana bukatarta.

Ranar Ista majami'ar ta cika har waje. A bayanta akwai kwamin siminti da aka cika da ruwa tun da safe. Aka jera masu baftisma, har da Arzika da aka mayar da sunansa, kowa da dattijonsa. Da aka zo kan Arzika, Fasto ya tambaya wa ke tsaya wa wannan. Baba Ishaya ya taso cikin babbar rigarsa, ya gyara tsayuwa irin ta fareti.

"Ni ne. Na san mutumin nan. Rago ne, bai iya riƙon sifana ba, muryarsa kuma kun ji ta da kunnenku. Amma na ga abu ɗaya. Ya ɗauka Ubangijinsa ya hana shi abin da ya fi so a duniya, ya bari, yana kuka ya bari. Bai fahimta daidai ba, amma ya yi biyayya da iyakar abin da ya fahimta. Fahimta za ta zo, muna nan. Na tsaya masa."

Jama'a suka ce amin. Arzika ya sauka cikin ruwan, sanyinsa ya kama shi har ƙirji. Fasto ya tambaye shi bangaskiyarsa, ya amsa da ƙarfi har na waje suka ji. Aka nutsar da shi da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. An gaya musu su rufe baki, shi kuwa murna ta sa ya manta, ya shiga yana murmushi, ya fito yana tari da dariya tare, ruwa na fita ta hanci. Matan zumunta suka ɗauki waƙa da tukwanensu na kiɗa. Can bayan taron, kusa da ƙofa, Taiba na tsaye da goyo, ta zo kallo. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

Baba Ishaya ya miƙa hannu ya jawo shi waje, ya yafa masa zane a kafaɗa, ya rungume shi da jiƙaƙƙiyar rigar. Sannan ya ja baya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa jama'a su shaida, yau ya ga abin da kakansa bai gani ba, Bazamfare ya yi wanka har da kai ba ranar kasuwa ba.

Amsa ta zo wa Arzika nan take, mai kyau kuwa. Tari ya hana ta fita. Ya ɗaga yatsa alamar a jira shi, ya ci gaba da tari, tsohon kuma ya ce ba gaggawa, yana nan har a gama cin shinkafa.